Kiwon Gizo-gizon Tarantula A Gida: Abin Da Ya Kamata Mai Farawa Ya Sani

A unguwannin Bosso da ke Minna, kamar a sauran garuruwan Arewa, kiwon sha'awa da aka saba gani shi ne na tantabara da zomo da aku da kanari. Sai dai bidiyoyin da ke yawo a YouTube da TikTok suna nuna wa matasa wani kiwo da ya daɗe da karɓuwa a Turai da Amurka, wato ajiye ƙaton gizo-gizo mai gashi da ake kira tarantula a cikin akwatin gilashi.

Kiwon ba ya cin wuri, abincinsa kuma ba shi da tsada. Amma akwai kurakurai biyu da suka fi jefa mai farawa cikin nadama a wannan yanki. Na farko shi ne ya shiga daji ya kamo wanda ya samu, alhali ire-iren da ke Afirka ta Yamma suna cikin waɗanda suka fi zafin rai da ƙarfin dafi. Na biyu shi ne ya yi aiki da shawarwarin da aka tsara domin ɗakunan Landan ko Balin, inda sanyi ne abin tsoron mai kiwo, shi kuwa yana zaune a garin da zafin bazara zai iya kashe halittar a yini guda.

Mene ne tarantula?

Tarantula suna ne da ya tattara dangin gizo-gizo da masana ke kira Theraphosidae, wanda aka tantance ire-irensa fiye da 1,000 a yankunan duniya masu ɗumi. Sunan ya samo asali daga birnin Taranto da ke kudancin Italiya. Mutanen can sun laƙaba shi ne ga wani gizo-gizo dabam da suka yi imani cizonsa ba ya warkewa sai da rawa, daga baya Turawa suka ɗora sunan a kan manyan gizo-gizon da suka tarar a nahiyar Amurka.

Yana da ƙafafu takwas, da wasu gaɓoɓi biyu masu kama da ƙafa a gaban baki waɗanda yake riƙe abinci da su, da fiƙoƙi biyu masu kallon ƙasa da yake zuba dafi ta cikinsu. Idanunsa takwas ne, amma ba su da ƙarfin gani. Da gashin jikinsa yake jin motsin ƙasa da na iska, da shi kuma yake gane kusantowar abinci ko abokin gaba. Ba ya saƙa yana a sarari domin kama ƙuda kamar tautau ɗin da ake gani a kusurwar ɗaki. Yanarsa ta shimfiɗa ce a bakin rami ko a kogon itace, inda yake laɓewa ya jira abin da zai gifta.

Mafi nauyi a dangin shi ne Theraphosa blondi na dazukan arewacin Kudancin Amurka, wanda faɗin ƙafafunsa kan kusanci santimita 30, nauyinsa kuma ya kai wajen giram 170. Tamatar wasu ire-iren na Meziko takan rayu shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kiwo. Namiji kuwa, da zarar ya balaga, yawanci ba ya wuce shekara ɗaya ko biyu.

Ba kowane babban gizo-gizo da aka gani a gida ne tarantula ba. Akwai mai shimfiɗaɗɗen jiki da ke gudu a bango da dare yana farautar kyankyaso, akwai kuma wata halitta mai launin ƙasa da manyan muƙamuƙai da ke biyo hasken fitila a lokacin zafi, wadda ba ta da dafi ko kaɗan. Tarantula ya fi su kauri da nauyi, gashi kuma ya lulluɓe shi har ƙafafu.

Na Afirka da na Amurka

Masu kiwo sun kasa dangin gida biyu, kuma wannan rabuwa ce ya kamata mai farawa ya fara riƙewa. Yawancin ire-iren nahiyar Amurka suna da wani gashi mai ƙaiƙayi a bayan cikinsu, wanda suke kakkaɓewa da ƙafafun baya su watsa wa abin da ya tsorata su. Da yake suna da wannan makami, ba su cika cizo ba, dafinsu kuma bai da ƙarfi ga ɗan Adam. Ire-iren Afirka da Asiya da Ostireliya ba su da wannan gashi. Kariyarsu ita ce gudu da cizo, dafinsu kuwa yakan haddasa zogi mai tsanani da murɗewar tsoka na kwanaki.

Jihar Neja tana da nata tarihin a wannan fage. A wajen shekarar 1900, masanin halittu ɗan Birtaniya Reginald Pocock ya bayyana wani ƙaton tarantula da aka samo a Jebba, a bakin Kogin Neja inda jihar ta yi iyaka da Kwara, ya raɗa masa suna Hysterocrates hercules. Gawar tana ajiye a Gidan Tarihin Halittu na Landan, ana kuma lissafa nau'in cikin mafi girma a Afirka. Ɗan'uwansa Hysterocrates gigas na Kamaru mai haƙa rami ne mai zurfi, ya kuma shahara a kasuwannin Turai.

Akwai wasu biyu na Afirka ta Yamma da ke zama a bisa. Stromatopelma calceatum yana son kan bishiyar kwakwar manja, shi kuma Heteroscodra maculata, mai fari da toka-toka, an fi fitar da shi daga Togo da Gana. Dukansu suna da saurin da ido ba ya iya bi, kuma masu kiwo a duniya sun yi ittifaƙin cewa ba na ɗan koyo ba ne. Wanda ya buɗe murfin akwatin ɗayansu da sakaci zai iya ganin sa a kan hannunsa ko a rufin ɗaki kafin ya ankara.

Ire-iren da ake ba mai farawa shawarar ya fara da su duk na Amurka ne, masu zama a ƙasa da tafiya a hankali. Daga ciki akwai Brachypelma hamorii mai jan gwiwa na Meziko, da Tliltocatl albopilosus mai murɗaɗɗen gashi na Amurka ta Tsakiya, da Grammostola pulchra baƙi wulik na kudancin Brazil, da Aphonopelma chalcodes na hamadar Arizona. Ya fi kyau a nemi matashi wanda faɗin ƙafafunsa ya kai santimita 5 zuwa 8, domin jarirai suna saurin mutuwa idan wuri ya bushe.

Abin da doka ta tanada

Tun da ire-iren da suka dace da mai farawa ba na ƙasar nan ba ne, samun su ya ƙunshi shigowa da dabba daga waje, a nan kuma doka take shiga. Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka amince da yarjejeniyar CITES kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa, wadda ta fara aiki a 1975. A 1985 aka kafa dokar cikin gida domin aiwatar da ita, an kuma yi mata gyara a 2016 domin ƙara tsananin hukunci. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke ba da takardun izini, hukumar NESREA na sa ido kan bin doka, Hukumar Kwastam da hukumar killace dabbobi da tsirrai ta NAQS kuma suna bincike a filayen jiragen sama da kan iyakoki.

Yawan kwasar jan-gwiwan Meziko daga daji ya sa aka sanya shi a rukuni na biyu na yarjejeniyar a 1985, bayan shekara goma kuma matakin ya game duk dangin Brachypelma. A taron Geneva na 2019 aka ƙara da dangin Poecilotheria na Indiya da Siri Lanka. Ma'anar rukuni na biyu ita ce ba a haramta cinikin ba, amma dole dabbar ta fito daga ƙasarta da takardar izini. Duwu, wato ƙatuwar baƙar kunamar Afirka ta Yamma da ake fitarwa daga Gana da Togo da Benin, ita ma tana wannan rukuni tun 1995.

Kasuwar ba ƙarama ba ce. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya gano ire-iren gizo-gizo da kunamu da danginsu fiye da 1,200 da ake tallatawa a duniya, akasarin waɗanda ake sayarwa kuma daga daji aka kamo su. A watan Nuwamban 2024 jami'an filin jirgin saman Lima da ke Peru sun kama wani matafiyi ɗauke da tarantula 320 a ɗaure a jikinsa. Saboda haka mai saye ya nemi wanda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo, ya kuma nemi ganin takardunsa. Ɗaukar kowace irin halitta daga gandun daji na ƙasa, kamar ɓangaren Zugurma na Gandun Tafkin Kainji, laifi ne idan babu izini.

Shirya mazauni

Akwatin gilashi ko na roba mai haske ya wadatar, muddin murfinsa yana kamawa sosai. Faɗinsa ya kai kamar ninki uku na faɗin ƙafafun gizo-gizon. Ga babba, akwati mai tsawon santimita 30 da faɗin santimita 20 zuwa 30 ya isa. A huda ƙananan ƙofofin iska a gefe biyu masu fuskantar juna, kada kowace ta kai girman da kansa zai shiga. Murfin raga ta waya yana da haɗari, domin faratansa kan maƙale ya rataye har ƙafa ta cire.

Tsayin akwatin ma abin lura ne. Cikin tarantula yana da taushi kamar ƙwan da ba ɓawo, faɗuwa daga tsayi kaɗan kan fasa shi, kuma ba kasafai yake tsira ba. Don haka a cika akwatin da ƙasa har tazarar da ta rage zuwa murfi ba ta wuce faɗin ƙafafunsa sau ɗaya da rabi ba. Ƙasar da ta fi dacewa ita ce garin zaren ɓawon kwakwa, ko ƙasar da ba a taɓa zuba wa takin zamani ko maganin ciyawa ba. Ƙasar gona da ta bakin kwata ba su dace ba, haka ma dusar katako, musamman ta itace mai ƙamshi.

Sai maɓoya. Tsingaron tukunya ko rabin kasko da aka binne gefensa a ƙasa ya yi daidai, in dai an goge kaifinsa. A ajiye ƙaramin mazubin ruwa mara zurfi, kamar murfin kwalba mai faɗi, a riƙa wanke shi da sauya ruwan. Kada a sa auduga ko soso a ciki, domin suna tara ƙwayoyin cuta. Kowane akwati gizo-gizo ɗaya ne: idan aka haɗa biyu, ɗaya zai cinye ɗaya.

Yanayin Minna

Yawancin ire-iren masu farawa sun fi sakewa a zafin da ke tsakanin digiri 22 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas. A Minna kuwa, zafin rana a watannin Maris da Afrilu yakan haura digiri 35, ɗaki mai rufin kwano ba sili kuma yakan fi waje zafi. Fitilar ɗumama akwati da tabarmar zafi da ake tallatawa a shafukan Turai ba su da amfani a nan, illa ma za su yi.

Ɗakin da ya fi sanyi a gida za a zaɓa, a ajiye akwatin kusa da ƙasa, nesa da taga da bangon da rana ke duka. Akwatin gilashi da hasken rana ya faɗa wa kai tsaye yakan zama tanda cikin 'yan mintoci. A ranakun tsananin zafi ana iya ajiye randa ko jiƙaƙƙen tsumma a kusa da akwatin domin sanyaya iska, kuma kada mazubin ruwa ya ƙafe ko na yini ɗaya. Ƙaramin ma'aunin zafi da aka manna a gefen akwatin ya fi ƙiyasi.

A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, matsalar ita ce bushewar iska. A riƙa barin ruwa ya ɗan malala a kusurwa guda ta ƙasar, sauran kuma ya zauna a bushe, domin halittar ta zaɓi inda take so. Da damina, musamman a Agusta da Satumba, abin ya juya: danshi kan yi yawa, fumfuna ta fito a ƙasa, ƙananan ƙwari su taru a kan ragowar abinci. Maganin haka shi ne ƙara ƙofofin iska da daina jiƙa ƙasa.

Akwai haɗari biyu da mazauna ƙasashen sanyi ba su cika ambata ba. Na farko maganin sauro ne. Feshin ɗaki da igiyar leƙo da fiya-fiya duk suna kashe tarantula kamar yadda suke kashe sauro da kyankyaso. Wanda ya ajiye shi a ɗakin kwana sai ya koma ga gidan sauro, wanda dama shi ne kariyar da jami'an lafiya suka fi ƙarfafawa. Na biyu tururuwa ce da cinnaka da kwarkwasa, waɗanda kan iya yi masa taron dangi a dare guda. Ana kare wannan ta hanyar ɗora akwatin a kan teburin da aka tsoma ƙafafunsa a cikin gwangwanayen ruwa.

Abinci

Tarantula ba ya tauna. Yana zuba wa abin da ya kama ruwan narkar da abinci ne, sa'an nan ya tsotse. Abincinsa gyare ne da fara da kyankyaso da tsutsa, kuma masu rai yake so. Matashi yana ci sau ɗaya ko biyu a mako, babba kuma sau ɗaya a mako ɗaya ko biyu. Kada girman ƙwaron ya wuce girman cikinsa.

Fara da gyaren da aka kamo a gonar da aka yi wa feshi guba ne gare shi, haka ma kyankyason ɗakin girki da na masai. Abin da ya fi aminci shi ne mai kiwo ya tanadi ƙaramar roba ya riƙa kiwon gyare ko tsutsar dusa da kansa, yana ba su dusa da ɓawon kayan lambu da aka wanke. Da dogon hantsaki ake miƙa abinci, duk abin da ya kwana ba a ci ba kuma a cire shi. Ba ya bukatar ɓera ko ƙadangare, duk da bidiyoyin da ke nuna haka.

Ƙin cin abinci ba lallai ne ya zama alamar ciwo ba. Wasu ire-iren kan yi watanni ba su ci ba. Muddin cikin yana nan a cike, akwai kuma ruwa a mazubi, babu abin damuwa. Idan cikin ya yamutse, to ƙishirwa ce, ita ce kuma ta fi yunwa saurin kisa.

Lokacin saɓa

Da yake ƙashinsa a waje yake, tarantula ba ya girma sai ya tuɓe tsohuwar fata, kamar yadda maciji ke yin saɓa. Ƙarami yana yi sau da dama a shekara, babbar tamata kuma kamar sau ɗaya. Alamun kusantowar lokacin su ne daina cin abinci, da rage motsi, da duhuntar fatar ciki, wani lokaci har ya toshe bakin maɓoyarsa da ƙasa da yana.

A nan ne masu farawa da yawa suke kashe abin kiwonsu da hannunsu. Idan lokacin ya yi, yakan kwanta rigingine, ƙafafu a sama, ya yi sa'o'i ba motsi. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ya mutu, ya juya shi ko ya jefar. Mataccen tarantula a kife ake samun sa, ƙafafunsa a naɗe a ƙarƙashin jiki. Wanda ya kwanta rigingine a ƙyale shi, kada a taɓa, kada a yayyafa masa ruwa, kuma a tabbatar babu gyare a akwatin, domin gyare kan ci naman jikinsa a wannan hali.

Bayan saɓa jikinsa yakan yi laushi, fiƙoƙinsa su yi fari, daga baya su yi ja, kafin su koma baƙi. Sai sun yi baƙi ake ba shi abinci, wato bayan mako guda ga matashi, mako biyu ga babba. Idan ya taɓa rasa ƙafa, sabuwa takan fito a saɓar da ta biyo baya, ta cika girma bayan wasu saɓoɓin.

Cizo da gashi mai ƙaiƙayi

Babu wani tabbataccen rahoton likitoci da ya nuna dafin tarantula ya kashe mutum. Duk da haka ba abin wasa ba ne, musamman na Afirka da Asiya, kuma ga ƙananan dabbobi ya fi muni: a Ostireliya an samu karnuka da suka mutu bayan cizon irin na can. Tarantula ba ya sabo da mai shi, ba ya kuma jin daɗin a ɗauke shi. Idan ya ɗaga ƙafafun gaba ya buɗe fiƙoƙi, gargaɗi ne. In ana son sauya masa akwati, sai a kifa masa kofin roba, a zura kwali a ƙarƙashi, a yi aikin a ƙasa da ƙofa a rufe.

Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya ɗora wani abu mai sanyi. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure gaɓar. Idan zogi ya yi tsanani, ko tsoka ta fara murɗewa, ko kumburi ya bazu, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti mafi kusa, a kuma faɗa wa likita sunan nau'in. Yaro ƙarami da tsoho da mai ciwon zuciya a kai su ba tare da jiran alamu ba.

Gashin ire-iren Amurka yana sa ƙaiƙayi irin na gero a fata, amma a ido ya fi haka haɗari, domin yana da ƙananan ƙayoyi da ke nutsewa a ƙwayar ido su jawo kumburi na tsawon lokaci. Kada a kusanta fuska da akwati a buɗe, a wanke hannu bayan kowane aiki. Idan gashin ya shiga ido, kada a murza, a je wurin likitan ido a ranar.

Kafin a yanke shawara

Bosso unguwa ce ta ɗalibai, saboda tsohon matsugunin Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Minna, wadda aka kafa a 1983, yana can. Ɗalibin da ke sha'awar wannan kiwo ya tuna cewa karatunsa shekara biyar ne, tamatar jan-gwiwa kuwa za ta iya kaiwa lokacin da 'ya'yansa za su shiga jami'a. Ya kamata ya san wanda zai kula da ita a lokacin hutu da na hidimar ƙasa, ya kuma nemi yardar iyaye ko maigidan haya da abokan zama tun kafin ya kawo ta. A gidan da ke da ƙananan yara, akwatin yana bukatar makulli.

Wanda ya gaji da kiwon kada ya saki baƙon nau'i a daji ko a bayan gida. Ya nemi wani mai kiwo, ko ya tuntuɓi sashen nazarin halittu na jami'a mafi kusa. Wanda kuma ya ci karo da tarantular gida a gona ko a gindin itace, ya bar shi inda yake. Yana rage fara da gyare da kyankyaso, kuma ba ya cizo sai an matsa masa.